Me zan dasa a jikin katanga da zai zauna kore ba tare da ya shanye mini tanki ba?

Uwargida Mai Fure:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau da kuka na zo. Bara na dasa furen ikzora guda 12 a jikin katanga da furen hibiskus 4 a bakin ƙofa, don mai sayarwa ya rantse mini ba sa zubar da ganye. To ban ce ya yi ƙarya ba, muddin ina ba su ruwa safe da yamma. Da ruwa ya yi mana wuya na koma bayan kwana uku-uku, kafin wata biyu ikzora takwas sun bushe ƙayau. Yanzu katangar kamar bakin mai wawulo, nan kore can giɓi. Tsawonta mita 15 ne, rana na dukanta tun daga azahar har faɗuwa. Ina son abin da zai zauna kore rani da damina amma ba mashayi ba. Ina da yara ƙanana biyu, a sa wannan a lissafi.

Ƙanwar Kowa:
Wa alaikumus salam Anti. Boganbiliya. Magana ta ƙare.

Malam Na-Lambu:
Ba ta ƙare ba tukuna, ƙanwata. Hajiya, mai sayarwar nan alkawari ɗaya ya yi miki, ke kuma kika ji biyu. "Ba ya zubar da ganye" daban, "ba ya son ruwa da yawa" daban. Sau da yawa ma kishiyoyi ne. Ganye shi ne ƙofar da ruwa ke bi ya fice daga jikin tsiro. Wanda ya kakkaɓe ganyensa da rani dabara ya yi, ya rufe shago har damina ta dawo. Wanda ya riƙe nasa kuwa kullum ƙofa a buɗe take, dole ko dai ya samu mai ba shi ruwa, ko ya zama an halicce shi da ganye mai rowa. Ikzora da hibiskus da kuroton 'yan ƙasashen ruwa ne, ganyensu almubazzari ne. Abin da kike nema shi ne masu ganye mai rowan nan, kuma ba su kai yawan da masu sayarwa ke nunawa ba.

Wani abu kuma, ikzora ƙasa mai ɗan tsami take so. A gindin katangar siminti ƙasar kan juya ta koma mai farar ƙasa a ciki, sai ki ga ganyen ya yi ɗorawa jijiyoyinsa na nan kore. Ko da ruwan bai yanke ba, da ta ba ki wahala.

Uwargida Mai Fure:
Wallahi haka suka yi, Malam! Na ɗauka yunwa ce na yi ta zuba musu takin zamani.

Ɗalibin Tsirrai:
Anti, in kin je wurin saye kada ki fara da tambayar suna, ki taɓa ganyen. Ƙarami ne ko siriri kamar allura? Yana da tauri kamar fata? Yana da wani abu kamar kaki a jikinsa, ko gashi-gashi, ko launinsa ya yi toka-toka? Ko kuwa mai kauri ne cike da ruwa? Duk waɗannan alamun mai tsimin ruwa ne. Launin toka yana mayar da hasken rana, gashin yana tare iskar da ke kwashe danshi. Duba ganyen zaitun, samansa kore mai tauri, ƙasansa kamar azurfa. Amma in kika ga faffaɗan ganye mai laushi, kore shar, wanda ke yin laƙwas minti kaɗan bayan an tsinke shi, to ki san kin ɗauko ɗan haya mai cin tanki.

Masu kaurin nan irin su alobera da agabe da moda abin nasu ya wuce haka. Da rana suna toshe ƙofofin numfashinsu, sai dare ya yi iska ta yi sanyi su buɗe su ɗebi iskar da suke bukata, su adana ta har gari ya waye. Shi ya sa ba sa saurin girma, shi ya sa kuma ba sa damuwa da ke.

Mai Gida Biyu:
Duk wannan dogon karatu ne. Oliyanda za ki sa. Ba ta zubar da ganye, tana fure fari da ja da ruwan hoda kusan duk zafi, kuma a Kaliforniya ita aka jera a tsakiyar manyan tituna kilomita bayan kilomita, cikin hayaƙin mota da ƙunar kwalta. Tawa shekara shida ke nan, ban san ranar da na ba ta ruwa ta ƙarshe ba.

Hajiya Mai Baranda:
Alhaji, ka karanta layin ƙarshe na maganarta kuwa? Ta ce yara biyu.

Mai Gida Biyu:
Na karanta, Hajiya. Ni ma ina da yara. Wane yaro ne zai tauna ganye mai ɗacin nan?

Ɗalibin Tsirrai:
Ranka ya daɗe, a nan kam ba zan bi ka ba. Oliyanda dafi ce daga saiwa har fure, kuma dafin zuciya yake taɓawa kai tsaye, ya rikita bugunta. Ganyen ko ya bushe dafin na nan, hayaƙinta ma in an ƙona rassan ba a so a shaƙa. Gaskiya ne ɗacin yana korar yawancin yara, amma ɗan shekara biyu da ke sa komai a baki ba ya neman izinin harshe. Dabbobi kuwa sun fi faɗawa, musamman in an yi mata aski an watsar da rassan inda za su samu. A tsakiyar titi babu mai rarrafe.

Mai Gida Biyu:
To na ji. Amma ku ma boganbiliyar da kuke yabo ƙaya gare ta kamar ƙugiya.

Ƙanwar Kowa:
Ƙaya tana koya wa yaro hankali sau ɗaya, ba ta kai shi asibiti da ciwon zuciya, Baba.

Malam Na-Lambu:
Tunda an dawo kanta, bari mu faɗi gaskiyarta duka. Boganbiliya 'yar Kudancin Amurka ce, sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe aka sa mata. Abin da muke kira furenta ma ba fure ba ne, ganye ne mai launi, ainihin furen shi ne ɗan farin nan na tsakiya. Halinta mai daɗi shi ne ta fi yin ado in ta ɗan ji ƙishi. Ka cika ta da ruwa da taki ta ba ka ganye zalla. Amma idan fari ya yi tsawo ƙwarai, ko sanyi ya yi tsanani, takan zubar da ganye ta bar ka da ƙaya. Kuma ba shinge ba ce da kanta, mai hawa ce, sai an ɗaure ta an bi ta da almakashi. In ana son kore daga ƙasa har sama, ita kaɗai ba za ta rufe ba, gindinta kan zama tsirara.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, ina ta karatu ina murmushi. Kowa ya tafi Amurka da Bahar Rum, an bar abin da ke tsaye a daji ba mai ba shi ko kofi ɗaya. Ku dubi anza. A tsakiyar bazara, lokacin da komai ya zama toka, ita kore take, ganye mai tauri kamar fatar jima. Ku dubi cizaki, ganye mai sheƙi, farin fure mai ƙamshi, ga ƙaya in ana son shinge na gaske. Yana da ɗan'uwa daga Afirka ta Kudu da masu lambun duniya ke rububi, alhali jinsinsu ɗaya. Ga lalle, yana karɓar aski, furensa da dare ƙamshi har maƙwabta, ko da yake in ƙishi ya kai masa wuya yakan rage ganye. Sabara ma da launin tokarta, da daga wata ƙasa aka kawo ta da an sa ta a tukunya mai zane.

Abin da nake so ku gane, tsiron da ya saba da ƙasa da yanayin wuri tun kaka da kakanni ba ya bukatar lallashi. Kowa ya fita bayan garin da yake, a watan da ya fi kowane bushewa, ya ga me ke kore. Wannan shi ne jerin sunayensa.

Ɗalibin Tsirrai:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ƙari ɗaya kawai: anza tana da nawar girma ƙwarai, kuma irin waɗannan masu doguwar saiwa ba sa son a tono su daga daji a dasa, yawanci mutuwa suke. Daga iri ake tayar da su. Wanda ke son katanga ta rufu cikin shekara biyu zai gaji da jira.

Baba Dattijo:
Gaskiyarka, ɗana. Mu tsofaffi mun manta ku kuna sauri.

Ƙanwar Kowa:
Kariya fa? Ga fure ga juriya.

Baba Dattijo:
Kariya ai tsirara take yin furenta, 'yata, ganyen take zubarwa tukuna. Aguwa ma haka, shinge ne mai kyau amma da rani sanduna ne. Kuma su biyun farin ruwan jikinsu ba na wasa ba ne, na kariya har kibiya ake shafa wa. In zancen ban mamaki ake so a tuna gawo, shi da damina yake zubar da nasa, ya yi kore da rani. Sai dai shi ba na jikin katanga ba ne.

Hajiya Mai Baranda:
Ni bari in faɗi tawa kunyar ko wani ya tsira. Rozmeri uku da labanda biyu, tsirran nan masu ƙamshi, na kashe, kuma ba da ƙishi ba, da ƙauna. Na ga ganyen ya fara baƙi daga ƙasa, na ce ruwa yake so, na ƙara. Ashe saiwar ce ke ruɓewa. Da na tuge ɗaya sai wari, saiwar ta yi baƙi tana saɓulewa a hannu. Abin haushin, tsiron da ruwa ya yi wa yawa da wanda ƙishi ya kama kamanninsu ɗaya, duka laƙwas suke yi, don ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya shan ruwan da take kwance a ciki. Yanzu sai na tura yatsa cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, in da danshi in wuce abina.

Na Ƙasar Sanyi:
Hajiya, ba laifinki ba ne duka. Rozmeri da labanda 'yan gaɓar Bahar Rum ne, can da sanyi ake ruwa, zafi kuwa busasshe ne. Inda zafi da ruwan sama ke zuwa tare, kamar an sa su a tukunyar turara ne. Labanda ta fi saurin sallamawa. Ni inda nake ƙanƙara ke sauka, su ne ke rayuwa, boganbiliya kuwa dare ɗaya na daskarewa ya ishe ta. Shi ya sa in na ga jerin "tsirrai goma masu jure fari" a intanet nake fara tambaya, farin ina? Busasshen wuri mai sanyi da busasshen wuri mai zafi ba abu ɗaya ba ne.

Malam Na-Lambu:
Wannan ya kawo mu inda nake son zuwa tun ɗazu. Hajiya Mai Fure, kafin ki sayi ko ɗaya, ki haƙa rami mai zurfin santimita 30 a wuri biyu ko uku a jikin katangar. Ki cika da ruwa, ki bari ya tsotse, ki sake cikawa, sannan ki duba agogo. In ya shanye cikin 'yan sa'o'i, madalla. In kin kwana kin tashi yana nan, ƙasar laka ce, kuma yawancin masu jure farin nan a damina za su mutu, ba a rani ba. Maganinta a yi musu tudu a dasa a kai.

Sannan babbar maganar da masu sayarwa ba sa faɗa: babu tsiron da ke jure fari ranar da aka fito da shi daga leda. Juriyar a saiwa take, saiwar kuwa sai ta yi shekara ɗaya ko biyu tana nutsawa. A wannan tsakanin dole a ba shi ruwa, amma yadda ake bayarwa shi ne komai. Yayyafi kullum yana koya wa saiwa zama a sama inda rana ke gasa ta. A ba shi da yawa lokaci guda ya nutse can ƙasa, a bar saman ya bushe, saiwa ta bi danshi ta sauka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to saiwa ma haka. Safe da yamman nan da kika yi wa ikzora, da hannunki kika mayar da su 'yan gata.

Kuma ki sayi ƙanana. Babban da ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe kamar gammo, ko an dasa shi haka za ta ci gaba da zagaye. Ramin ya fi ledar faɗi sau biyu ko uku, amma kada ya fi ta zurfi.

Injiniyan Ruwa:
Bari in sa lissafi a kai. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Ciyawar ado a lokacin zafi tana neman kamar milimita 25 a mako. In Hajiya ta shimfiɗa ta a gaban katangar nan, mita 15 sau 2, murabba'in mita 30 ke nan, lita 750 duk mako, har abada. Ƙananan itatuwa 10 kuwa, kowanne lita 15 sau biyu a mako, lita 300 ne, kuma na shekarar farko ne, bayan nan ya ragu sosai. Ba banza ba jihar Nebada ta Amurka ta yi doka a 2021 ta hana shayar da ciyawar da ba ta da aiki sai kallo da ruwan kogin Kolorado a yankin Las Begas, aka ba da wa'adi zuwa ƙarshen 2026. Tun 1981 ma hukumar ruwa ta birnin Denba na Amurka ta raɗa wa lambu mai tsimin ruwa suna zeriskef, daga kalmar Girkanci mai nufin busasshe. A cikin ƙa'idojinsu wadda ta fi amfani a ganina ita ce a haɗa masu ƙishi wuri ɗaya, masu haƙuri wuri ɗaya. In ka cakuɗa su, tiyo ɗaya zai kashe rabi da ƙishi, rabi da ruɓa.

Ku juya lissafin kuma: rufin gida mai murabba'in mita 100, ruwan milimita 10 kacal, lita 1,000 ce ke bin indararo ta tafi. Mutanen birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu sun koyi wannan a 2018, lokacin da fari ya sa aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙanwar Kowa:
Yaya Injiniya, ruwan wanki fa? Ni shi nake juyewa.

Injiniyan Ruwa:
Na ɗauraya da na wanka ba laifi ga itatuwan ado, in ana sauya wurin zubawa kuma ba a ajiye shi ya kwana. Na farko mai kumfar omo da wanda aka sa bilic a bar shi, gishirin da ke ciki taruwa yake a ƙasa, a busasshen wuri kuwa babu ruwan saman da zai wanke shi sai damina.

Na Ƙasar Sanyi:
Wanda ke shakkar ko lambu zai yi kyau ba ban ruwa ya nemi hotunan lambun tsakuwa na wata gwanar lambu, Beth Chatto, a yankin Eseks, ɗaya daga wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Ingila. Tsohon wurin ajiye motoci ne ta mayar lambu a 1992, kuma ba a shayar da shi. Tsakuwa ta lulluɓe ƙasar da ita.

Malam Na-Lambu:
Na yarda da ita, ban yarda a kwafe ta ido rufe ba. Ranar Ingila ba ranar ko'ina ba ce. Tsakuwa a gindin katangar da ke fuskantar yamma a ƙasa mai zafi tanda ce, tana ɗaukar zafi da rana ta yi ta sakinsa har tsakar dare. Ga agabe da alobera ba komai. Ga sauran na fi son busasshen ganye ko ɓawon itace, kaurin santimita 5 zuwa 8.

Mai Gida Biyu:
Ka kira gara da bakinka ke nan, Malam.

Malam Na-Lambu:
Tana zuwa, Alhaji, ban musa ba. Shi ya sa ba a jingina shi da gindin tsiron ko da katanga, a bar tazarar tafin hannu. Yawanci matacce take ci, kuma ramukanta suna buɗe wa ruwa hanya. Ni dai na zaɓi in riƙa ƙara ganye duk shekara da in gasa saiwa. Kowa da inda ya fi masa ciwo.

Hajiya Mai Baranda:
Ni tulu nake binnewa, wanda ba a shafe shi da komai ba, bakinsa kaɗai a waje da murfi. Ina cika shi, yana tsattsafowa a hankali, saiwa ta zo ta rungume shi. Tsohuwar dabara ce, a Sin sun fi shekara 2,000 suna yi.

Makiyayi:
Ban cika magana a nan ba, amma ina roƙo, kada garin neman mai juriya a dasa annoba. Lantana tana da kyau, ba ta jin fari, amma tsuntsaye na kai irinta daji, tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya, kuma tana lalata hantar shanu. A Ostareliya wani kaktus mai faffaɗan ganye da aka shigo da shi ya cinye kusan hekta miliyan 24, sai da aka kawo wani ƙwaro daga Ajantina aka sake shi a 1926 kafin a karya lagonsa. Duk abin da aka ce maka "ba ya mutuwa", ka tambaya in ya tsallake katanga wa zai kashe shi.

Injiniyan Ruwa:
A ƙara da itacen konokafus da ake yayi don saurin rufe katanga. Kore ne kam, amma ba ƙin ruwa yake ba, nemo shi yake da kansa, saiwarsa na shiga bututu da magudana. Jihar Gujarat ta Indiya ta hana dasa shi a 2023.

Ɗalibin Tsirrai:
Anti, in na tattara da yaranki a rai: ki nemi dodoniya, wadda masana ke kira Dodonaea viscosa. Ba ƙaya, siririn ganye mai sheƙi kamar an shafa masa mai, tana son rana, tana karɓar aski, tana saurin tashi. Ita ce jikin shingen, tazarar kamar mita ɗaya. Boganbiliya biyu ko uku a baya, a ɗaure su su hau kan katanga inda hannun yaro ba ya kaiwa. A gaba kuma sifekbum na Afirka ta Kudu, ɗan ganye mai kauri, ba ƙaya ba dafi, giwaye ma kiwonsa suke, kuma reshe kawai za ki karya ki bari ya sha iska kwana biyu ki soka. Agabe ki bari sai sun girma, tsinin bakin ganyensa daidai idon yaro yake.

Uwargida Mai Fure:
Na dawo da rahoto. Na haƙa uku kamar yadda Malam ya ce. Biyu sun shanye kafin sa'a uku. Na ukun, wanda ke kusurwa inda indararo ke zuba, na cika shi da la'asar, da safe na tarar da kusan rabi. Dodoniya na samu masu tsawon kamu biyu, na zare ɗaya daga leda na duba, saiwar fara ce ba ta nannaɗe ba. Mai sayarwar har yana tambayata ko aikin gona na karanta. Yanzu ya zan yi da kusurwar nan, da kuma ikzora huɗun da suka rage?

Malam Na-Lambu:
Kusurwar ta hibiskus ce, Hajiya. Ki tara su huɗun can, ki haɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki ki ɗan ɗaga ta, su ci ruwan indararo da na ɗauraya, kin ga masu ƙishinki sun koma unguwa ɗaya. Ikzora ki mayar da su manyan tukwane nesa da siminti, inda inuwa ke samunsu da yamma. Dodoniyar kuma kada ki dasa yanzu cikin wannan zafin. Ki ajiye su a inuwa a ledarsu, sai ruwa ya sauka sau biyu ko uku ƙasa ta jiƙu sosai, sannan ki dasa da yamma.

Baba Dattijo:
Ki bar mini gurbi ɗaya a ƙarshen layin, 'yata, wajen da ya fi saurin shanyewa. Ki sa irin anza uku a ciki, ki kafa ɗan tsinke don kada mai shara ya share su.